Ciwo Mai Daɗewa da Rajistar Asibiti: Yadda Ake Gane Ko Magani Yana Aiki

Duk lokacin da kuka je asibiti, malamin lafiya yakan ɗauki alƙalami kafin ya ɗauki magani. Yakan rubuta sunanku, shekarunku, garinku da abin da ke damunku. Mutane da yawa suna ganin wannan rubutu ɓata lokaci ne. Alhali ga mai hawan jini ko ciwon suga, rubutun nan wani ɓangare ne na jinya. Wannan bayani zai nuna muku abin da ake rubutawa, inda rubutun yake zuwa, da yadda ake amfani da shi domin a gane ko masu ciwo mai daɗewa a jihar Damagaram suna samun kulawar da ta dace.

Waɗanne cututtuka ake nufi?

Akwai cututtukan da ake ɗauka daga wani mutum, ko daga cizon sauro, ko daga gurɓataccen ruwa, kamar ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da kwalara. Akwai kuma waɗanda ba a ɗaukar su daga kowa. Manya daga cikinsu su ne hawan jini da ciwon zuciya, ciwon suga, asma da sauran ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon daji. Sikila, wadda ake gado daga iyaye, ita ma tana cikin wannan rukuni.

Hawan jini da ciwon suga suna da halaye biyu da ya kamata ku sani. Na farko, sukan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, yana jin ƙarfinsa, alhali ciwon yana cin jijiyoyin jininsa a hankali, har ranar da zai faɗi da shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta gaza, ko ido ya dushe, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa. Na biyu, akasari ba a warkewa daga gare su ɗungurungum. Shawo kansu ake yi, ta hanyar shan magani kullum, gyara cima da zuwa awo a kai a kai.

A shekarar 2007 an yi wani babban bincike a Nijar mai suna STEPS, inda aka bi gida-gida ana auna mutane. An samu hawan jini ga kimanin mutum 21 cikin 100, ciwon suga kuma ga kimanin mutum 4 cikin 100. Da aka sake binciken a shekarar 2021, masu hawan jini sun haura mutum ɗaya cikin huɗu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan mutane, da fiye da miliyan 3 da rabi. Ke nan masu buƙatar wannan kulawa a jihar ba kaɗan ba ne.

Me ya sa ƙirga masu zuwa asibiti bai isa ba?

Babbar rajistar da ke kan teburin malamin lafiya tana da layi ɗaya ga kowane zuwa. Wannan tsari ya dace da ciwo irin zazzaɓin cizon sauro: mutum ya zo, a gwada jininsa, a ba shi maganin kwana uku, ya warke.

Ga ciwo mai daɗewa kuwa, ƙirga zuwa kawai yana iya ruɗar da mutane. Ku ɗauka mai hawan jini guda ɗaya ya zo sau shida cikin wata shida. Rajista za ta nuna 6. Ku ɗauka kuma mutum shida sun zo sau ɗai-ɗai, babu wanda ya sake dawowa. Nan ma rajista za ta nuna 6. Na farkon jinya ce mai kyau. Na biyun kuwa mutum shida ne da ke yawo da ciwo ba magani. Adadi ɗaya ne, amma labari biyu ne daban.

Saboda haka dole rubutun ya bi mutum, daga ranar da aka gano ciwonsa har iyakar rayuwarsa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Mai tarin fuka, wato tibi, yana da katinsa da lambarsa, ana bin sa wata shida, a ƙarshe a rubuta ko ya warke, ko ya daina zuwa, ko ya rasu. Yaro mai tamowa ana auna shi mako-mako ana rubutawa har ya murmure. Katin rigakafi yana nuna allurar da aka yi wa jariri da wadda ta rage. Irin wannan bibiya ake so ga mai hawan jini da mai ciwon suga. Bambancin kawai shi ne, katinsu ba ya da ranar rufewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sani da OMS, ta daɗe tana jan hankalin ƙasashe a kan haka. A shekarar 2010 ta fitar da tsarin PEN, domin a riƙa kula da waɗannan cututtuka tun daga ƙananan asibitoci. A 2016 ta ƙaddamar da tsarin HEARTS na hawan jini da ciwon zuciya. A 2022 kuma ta wallafa jagora mai ɗauke da manyan ma'aunai 22 da wasu na ƙari 59, waɗanda asibiti zai iya auna aikinsa da su. A maƙwabta, jihar Kano ta Najeriya tana cikin jihohi biyu da aka fara wani shiri na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci a shekarar 2020, bisa wannan tsari na bin kowane majinyaci da katinsa.

Takardu uku da suke riƙe da labarinku

Ta farko ita ce ɗan littafin da ke hannunku, wanda aka fi sani da karne. A ciki ake rubuta awon ranar, sunan magani, yawan da za ku sha, da ranar dawowa. Duk asibitin da kuka je, shi ne zai yi magana a madadinku.

Ta biyu ita ce katin jinya da ke zama a asibiti. Kowane majinyaci da nasa, da lamba guda da ba ta canzawa. Idan aka jera awon wata da watanni a kati ɗaya, malamin lafiya zai ga ko jinin yana sauka ko yana hawa.

Ta uku ita ce rajistar masu ciwo mai daɗewa. A nan layi ɗaya na mutum ɗaya ne, kuma sau ɗaya ake shigar da suna. A gaban sunan akwai gurabe na watanni. Gurbin da ya zauna ba rubutu yana nuna wanda bai zo ba.

Akwai kuma katin ɗakin magani, inda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da kwanakin da wani magani ya yanke. Inda ba a riga an buɗe rajista ta musamman ba, ko littafin makaranta mai tsabta yana iya fara wannan aiki, muddin an ja layuka an kuma kiyaye shi.

Ina alƙaluman suke zuwa?

Asibitocin gwamnati a Nijar hawa-hawa suke. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Sama da su akwai cibiyoyin lafiya da ake kira CSI. Sai asibitin gunduma, kamar na Magarya, Matamaye, Mirriya, Gure ko Tanut. A birnin Damagaram kuma akwai Babban Asibitin Ƙasa, inda ake tura waɗanda ciwonsu ya yi tsanani.

Alƙaluma ma wannan tsani suke hawa. Shugaban CSI yakan haɗa rahoton cibiyarsa da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinta, akasari a ƙarshen wata. Rahoton ya je ofishin lafiya na gunduma, daga nan ya je na jiha, har ya kai ma'aikatar lafiya a Yamai. Ana shigar da alƙaluman cikin wani tsarin kwamfuta mai suna DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take kula da shi, ƙasashen Afirka da dama kuma suna aiki da shi. Daga nan ake tsara littafin alƙaluman lafiya na shekara. Ma'aikatar tana da shiri na musamman na yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka, kuma da irin waɗannan alƙaluma ne ake sanin inda ake buƙatar magani, kayan awo da horar da ma'aikata.

Sai dai ku lura da abu guda. Rahoton da ya tafi Yamai adadi kawai yake ɗauke da shi. Wanda ya san fuskar majinyacin da bai dawo ba, ya kuma san ƙauyensa, yana nan a CSI. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka wurin da alƙaluma suka fi amfani shi ne wurin da aka rubuta su.

Tambayoyi biyar da ya kamata rajista ta amsa

1. Mutum nawa aka auna, kuma nawa aka samu da ciwon? Ya kamata a auna jinin kowane babba da ya zo asibiti, ko da ciwon kai ko ciwon ciki ne ya kawo shi. Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban. A asibitocin Nijar za ku ji ana cewa 14 bisa 9. Duk abu ɗaya ne. Ciwon suga kuma ana zarginsa idan awon safe, kafin a ci komai, ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce.

2. Cikin waɗanda aka samu, nawa aka shigar a rajista aka fara ba su magani?

3. Cikin waɗanda aka shigar, nawa suka dawo a cikin wata uku da suka wuce?

4. Nawa ne ciwonsu ya lafa? Wannan ita ce uwar tambayoyin. Ga mai hawan jini, ana duban ko awonsa na ƙarshe ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. Ga mai ciwon suga, ana duban ko sugan ya sauka zuwa iyakar da likita ya sa masa. Ga mai asma, ana duban sau nawa numfashi ya sarƙe masa har aka kawo shi da gaggawa.

5. Shin magani da kayan awo suna nan? Kwana nawa aka yi babu amlodipin na hawan jini, ko metformin da insulin na ciwon suga, ko maganin shaƙa na asma? Na'urar awon jini tana aiki? Akwai tsinken gwajin suga?

Baya ga waɗannan, ana rubuta waɗanda aka tura babban asibiti, waɗanda ciwon ya taɓa musu ido, ƙoda ko ƙafa, da waɗanda suka rasu.

Misalin lissafi

Ga wani misali na koyo, domin ku ga yadda ake yi. Ku ɗauka wata CSI ta shigar da masu hawan jini 40 daga Janairu zuwa Maris. A ƙarshen Satumba aka buɗe rajista domin a ga halin da suke ciki. Aka samu 14 sun dawo kuma jininsu ya sauka. Wasu 10 sun dawo amma jinin bai sauka ba. Sauran 16 kuwa ba a gan su ba tun farkon Yuli.

Idan aka kasa 14 da 40, za a samu 35 cikin 100. Wannan shi ne sakamako na gaskiya. Amma idan aka manta da mutum 16 ɗin nan, aka kasa 14 da 24 da suka zo kawai, za a samu 58 cikin 100. Adadin zai yi daɗin ji, amma ya ɓoye waɗanda suka fi shiga hatsari. Ƙa'ida ita ce, duk wanda aka shigar a rajista yana cikin lissafi, ya zo ko bai zo ba.

Kowane rukuni da abin da za a yi masa. Mutum 14 na farko a ƙarfafa musu gwiwa, a tabbatar maganinsu bai yanke ba. Mutum 10 na biyu a zauna da su: suna shan maganin kullum? Sun rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya? OMS ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Idan suna kiyaye duk wannan, likita ne zai ƙara yawan maganin ko ya haɗa musu da wani.

Mutum 16 na ƙarshe kuwa sai an bi sawunsu, ta waya ko ta hannun wakilan lafiya na ƙauye. Ba kowane wanda ya daina zuwa ne ya ƙi magani ba. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce: aikin gona ya yi yawa, kuɗi ya yi ƙaranci kafin kaka, wata hanyar ruwa ya yanke ta, asibiti kuma ya cika da yara masu zazzaɓi. Makiyayan Tanut, Belbeji da Tasker suna bin dabbobinsu. Da rani kuma matasa da magidanta sukan tafi cin rani. Wani ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke. Wani kuwa ya zo sau biyu ya tarar babu magani, ya yi fushi. Idan katin ɗakin magani ya nuna an yi kwana 20 a watan Agusta babu amlodipin, to laifin ba na majinyata ba ne. Sanin dalili shi ke nuna gyara: a yi odar magani da wuri, a ba wanda jininsa ya daidaita maganin wata biyu ko uku kafin ya yi tafiya, ko a rubuta masa takardar da zai nuna a wani asibiti.

Abin da rajistar asibiti ba ta gani

Rajista tana ganin wanda ya shigo ƙofar asibiti ne kawai. Ba ta ganin wanda bai taɓa yin awo ba, ko mai sayen ƙwaya a kasuwa, ko mai zuwa wurin mai maganin gargajiya, ko wanda ya tsallaka iyaka ya tafi Daura ko Kano neman magani. Rahoton OMS na 2023 ya nuna cewa a duniya kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, kuma kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kawai aka shawo kan nasa. Shi ya sa ake buƙatar bincike na gida-gida irin STEPS. Binciken yana nuna girman matsalar a cikin jama'a, rajista kuma tana nuna ingancin aikin asibiti.

Haka kuma, idan adadin masu ciwon ya ƙaru a rajista, ba lallai ne ciwon ya ƙaru a gari ba. Wataƙila an samu sabuwar na'urar awo, ko sabon ma'aikaci mai himma. Kuɗi ma yana da tasiri. Tun 2006 aka kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma babba mai hawan jini shi ke sayen maganinsa. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a asibitocinta. Duk lokacin da farashi ya sauya, yawan masu zuwa yakan sauya, kuma dole mai karanta alƙaluma ya tuna da haka.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Awo marar kyau yana haifar da adadi marar kyau. Kafin a auna jininku, ku zauna ku huta na minti biyar. Ku jingina bayanku, ku ɗora hannu a kan tebur, kada ku yi magana lokacin awo. Ku guji goro, taba da shayi mai ƙarfi na rabin awa kafin nan. Shi kuma mai awo ya rubuta ainihin abin da na'ura ta nuna, kada ya mai da kowa 12 bisa 8.

Suna ma yana kawo ruɗani. A ƙauye ɗaya ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Wani kuma yau ya ba da sunan yanka, gobe ya ba da laƙabi, sai a buɗe masa kati biyu. Maganin wannan shi ne lamba guda ga mutum guda.

Sirrinku fa?

Abin da ke cikin katinku amana ce. Ma'aikatan da ke jinyar ku ne kawai ya halatta su gani. Rahoton da ke tafiya gunduma da Yamai bai kamata ya ɗauki sunan kowa ba. Tun shekarar 2017 Nijar take da dokar kare bayanan da suka shafi mutum. Idan za a aiko wani ya neme ku a gida, kuna da ikon faɗin wanda kuka yarda ya san halin da kuke ciki.

Abin da ya rataya a wuyanku

• Ku adana karnenku a cikin leda, nesa da ruwa da gara, ku riƙa zuwa da shi kowane lokaci.
• Ku riƙa ba da suna ɗaya, ku kuma riƙe lambarku.
• Bayan awo, ku tambayi adadin, ku duba an rubuta shi tare da kwanan wata. Karatun da kuke koyo zai ba ku damar bin awonku da kanku.
• Ku faɗi gaskiya idan kun yi kwanaki ba ku sha magani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kuka ɓoye, za a iya ƙara muku magani ba bisa buƙata ba.
• Kada ku daina magani don kun ji sauƙi. Sauƙin aikin maganin ne.
• Kafin tafiya mai nisa, ko kafin azumi ga mai ciwon suga, ku nemi shawarar malamin lafiya.
• Idan baki ya karkace, ko hannu da ƙafa suka mutu farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya yi ciwo mai tsanani, a tafi asibiti nan take, kada a jira ranar awo.

Idan kuna cikin kwamitin lafiya na garinku, ko kwamitin da ke kula da kuɗi da maganin CSI, kuna da damar neman a karanta muku amsar tambayoyin nan biyar duk bayan wata uku, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Ku sa a rubuta sakamakon a babbar takarda a manna a bango, domin a riƙa kwatanta na yanzu da na baya. Mai gari, limamai, shugabannin mata da gidajen rediyon karkara suna iya taimakawa wajen tunatar da jama'a ranar awo.

A shekarar 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijar, sun ɗauki alkawarin rage mutuwar da waɗannan cututtuka ke yi wa mutane tun ba su tsufa ba, da kashi ɗaya cikin uku kafin 2030. Za a san ko ana kusantar wannan buri ne ta hanyar abin da aka rubuta a kowace CSI. Saboda haka, in kun kai shekara 18 kuma ba a taɓa auna jininku ba, ku je a auna. In kuwa kuna da kati, ku duba ranar dawowarku tun yau.